Warin Abinci: Abin Da Hanci Ya Ke Ji Da Abin Da Ba Ya Ji

A ƙasar Zakirai, cikin Ƙaramar Hukumar Gabasawa, arewa maso gabas da birnin Kano, da wuya a sayi abin ci ba a kai shi hanci ba. Mai sayen nono ya kan ɗaga faifai ya sansana. Mai sayen bandar kifi ya kan karya ɗaya ya ji cikinsa. Mai awon gyaɗa ya kan zura hannu tsakiyar buhu ya ɗebo, ya murza, ya sansana, sa'an nan ya yi tayi. Wannan dabara ce mai kyau, masana kuma sun tabbatar tana da tushe. Amma fa tana da iyaka, rashin sanin iyakar nan kuwa ya kwantar da mutane da yawa a asibiti. Darasin wannan mako shi ne inda warin abinci ya ke fitowa, da abin da hanci ya ke iya ganewa, da abin da ya fi ƙarfinsa, da kuma na'urar da masana su ke ƙerawa don ta yi aikin hanci.

INA WARI YA KE FITOWA?

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Haka abinci ba ya wari banza. Akwai waɗansu halittu ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, ana kiransu bakteriya. Wani mutumin Holan mai suna Leeuwenhoek shi ya fara ganinsu a shekarar 1676. Suna cikin ƙasa, da ruwa, da taki, da hanjin dabba, da fatar mutum. In sun sauka kan abinci sai su shiga ci, su kuma yi ta hayayyafa. Duk abin da ya ci kuwa sai ya fid da saura. Wani sashi na sauran nan ba ya zama cikin abincin, sai ya tashi ya bi iska. Shi ne hanci ya ke kamawa, a ce wari, ko ɗoyi, ko bashi, ko tsami.

Ba dukan bakteriya ne miyagu ba. Matan da ke yin daddawa suna kiwon wani iri, ko da ya ke ba su kira shi da suna. In an dafa kalwa, an surfe, an sake dafawa, an rufe ta kwana 2 ko 3 a wuri mai ɗumi, wani bakteriya mai suna Basilus shi ke narka ta, ya fid da iskar amoniya da waɗansu masu ƙanshi. Hamamin daddawa ke nan. Haka kuma tsamin nono da na gasarar koko aikin waɗansu ne masu mai da zaƙi tsami. Har ƙanshin nan da manomi ya ke ji sa'ad da ruwan fari ya sauka kan busasshiyar ƙasa, na bakteriyar ƙasa ne. A 1965 waɗansu masana biyu a Amurka suka tsamo abin da ke ba da shi, suka sa masa suna jiyosmin. Hancin mutum yana jinsa ko da ɗigo guda ne aka sa cikin babban kududdufi.

Abin lura a nan shi ne, kowane iri da irin iskar da ya ke fitarwa. Masu ruɓar da ƙwai suna fid da iska mai ƙibiritu, shi ne ɗoyin ɓaragurbi. Masu ruɓar da nama suna fid da waɗansu abubuwa biyu masu ɗoyin mushe, waɗanda wani likitan Jamus, Ludwig Brieger, ya gano a 1885. Wani mazaunin hanji da a ke kira Ikolai yana fid da abin da a ke kira indol, wanda ke cikin warin bayan gida. Watau dai kamar yadda kowace dabba ta ke da irin sawunta, haka kowane bakteriya ya ke da irin warinsa.

MUGU BA SHI DA KAMA

To, tun da haka ne, me ya hana hanci ya tsare mutum daga cutar abinci? Dalilai uku ne.

Na fari, masu ɓata abinci dabam, masu sa cuta dabam. Yawancin waɗanda ke sa nama ya yi bashi, ko miya ta yi yami, asarar kuɗi su ke jawowa. Masu kwantar da mutum kuwa, irin su Salmonela, da Listeriya, da mugun irin Ikolai, da ƙwayar kwalara, sau da yawa ba su sāke launin abinci, ko ɗanɗanonsa, ko ƙanshinsa. Ruwan da ke ɗauke da kwalara yana iya zama garau kamar na sama.

Na biyu, zancen yawa ne. Masana sun auna, sun ga ɗanyen nama ba ya fara wari sai bakteriya sun kai wajen miliyan 10 a wurin da bai fi faɗin farce ba. Amma mugun irin Ikolai, ƙasa da guda 100 sun isa su sa yaro zawo da jini. Ga kuma saurin haihuwarsu. In akwai ɗumi da laima, guda ɗaya tana iya rabuwa biyu cikin minti 20. Bayan awa 1 sun zama 8, bayan awa 4 sun zama 4,096, bayan awa 7 sun wuce miliyan 2. Furar da aka dama da ƙarfe 7 na safe a watan bazara, aka bar ta a ƙwarya, kafin azahar ta cika da su, alhali kuwa hanci bai ji kome ba tukuna.

Na uku, waɗansu dafi su ke zubawa cikin abinci, dafin kuwa ba ya tashi cikin iska, wuta kuma ba ta kashe shi. Akwai wani iri mai zama cikin hancin mutum da maruru da miki. In mai cura fura ko mai yanka balangu yana da ciwo a yatsa, sai ya zuba shi cikin abin da aka riga aka dafa. Wanda ya ci sai amai ya kama shi tsakanin rabin awa da awa 8. Akwai kuma wani ɗan'uwan Basilus na daddawa, mai son dafaffiyar shinkafa da ta kwana a buɗe. Ko an yi ɗumame, bakteriyar ta mutu, dafin yana nan.

Asarar da wannan ke jawowa ba kaɗan ba ce. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da lissafi cewa kowace shekara mutum miliyan 600 ke yin ciwo saboda gurɓataccen abinci, 420,000 su mutu, 125,000 daga cikinsu yara ne da ba su kai shekara 5 ba. A Afirka kaɗai masu ciwon sun kai miliyan 91, mamata 137,000. A 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,500, Kano da Jigawa da Bauchi suna cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Ƙasashe masu arziki ma ba su tsira ba. A 2011 Ikolai ta kashe mutum fiye da 50 a Turai, yawancinsu a Jamus, ta hanyar tsiron hulba da aka ci ɗanye. Daga 2017 zuwa 2018 Listeriya ta kama fiye da 1,000 a Afirka ta Kudu, ta kashe fiye da 200, ta hanyar wani naman kanti. Waɗanda suka ci abincin nan ba su ji alamar kome a hanci ba.

YADDA A KE BINCIKE A ƊAKIN GWAJI

Hanyar da aka saba ita ce ta shuka. Malamin gwaji ya kan ɗebi ɗan abincin, ya sa cikin romo na musamman, ya ajiye a wuri mai ɗumi kamar jikin mutum, ya jira bakteriya su yi yawa. Sa'an nan ya shafa a faranti, ya sake jira su tsiro, ya ga irinsu. Kafin a tabbatar da Salmonela ta haka a kan yi kwana 3 zuwa 5, wani lokaci fiye. Hanya ce tabbatacciya, amma nono da tsire da latas ba su jiran kwana 5. Kafin amsa ta fito an sayar, an cinye. Shi ya sa masana suka ce, tun da kowane iri yana da iskarsa, me zai hana a nemi hancin da ya fi na mutum?

Dabbobi sun nuna abin yana yiwuwa. A garin Morogoro na ƙasar Tanzaniya, wata ƙungiya mai suna APOPO ta horar da gafiya, wadda waɗansu ke kira burgu, ta riƙa sansanar majinar marasa lafiya tana nuna mai tarin fuka. Tun 2007 a ke wannan aiki. Gafiya guda ta kan duba majina 100 cikin kamar minti 20, abin da zai ci wa malamin asibiti kwanaki da madubi. Abin da ta nuna kuma sai an sake gwada shi kafin a gaya wa mai ciwo.

HANCIN LANTARKI

Tun 1952 waɗansu masana biyu a Landan, James da Martin, suka ƙago na'ura mai rarrabe iska, watau ta karɓi wari guda ta warware shi, ta nuna abubuwa nawa ne a ciki, kamar yadda mai sheƙa ke raba tsaba da ƙaiƙayi. Da irinta aka san iskar da kowane bakteriya ke fitarwa. Amma babba ce, mai tsada, sai gwani ke sarrafa ta.

A 1982 Krishna Persaud da George Dodd, na Jami'ar Warwick a Ingila, suka fito da wata dabara. Suka ce ba lalle sai an warware wari ba, a kwaikwayi hanci kawai. Cikin hancin mutum akwai masu karɓar wari wajen iri 400. Ba kowanne ne ke da warinsa shi kaɗai ba. In wari ya shigo, waɗansu su motsa da yawa, waɗansu kaɗan, waɗansu su yi shiru, ƙwaƙwalwa kuwa ta duba yadda suka motsa gaba ɗaya ta ce wannan daddawa ce. Na'urar da aka gina bisa wannan ita a ke kira hancin lantarki.

Ga yadda ta ke aiki. A kan sa ɗan yankin nama ko cokalin nono cikin kwalba, a toshe, a bar shi ya ɗan ɗumama har iskarsa ta taru a sama. Sai ɗan famfo ya zuƙo iskar ya bi da ita kan waɗansu 'yan ƙwayoyi da aka jera, daga kamar 8 zuwa 32. Da yawansu da kuza a ke yinsu, irin wadda a ke haƙowa a ƙasar Jos, lantarki kuma yana gasa su. In iska ta taɓa su sai gudun lantarki a cikinsu ya sāke, kowace da gwargwadonta. Kwamfuta ta rubuta. Amma na'urar ba ta san kome ba sai an koya mata. Sai an kawo mata nama mai kyau sau da yawa, da mai Salmonela sau da yawa, ana gaya mata wannan kaza ne, har ta riƙe. Kamar ɗan makiyayi ne, wanda yau da gobe ta sa ya ke gane sawun kowace saniya a garken ubansa.

Akwai kuma wata hanya mai araha. A 2000 Kenneth Suslick na Jami'ar Illinois a Amurka ya fito da ɗan farantin da aka ɗiga wa rini iri iri. In iska ta taɓa ɗigon sai launinsu ya juya, a ɗauki hoto a gwada da na da. A 2011 shi da abokan aikinsa suka ba da labari cewa da wannan sun rarrabe bakteriya iri 10 cikin awa 10. Yanzu ana gwada sa irin wannan takarda cikin ƙunshin nama da kifi, ana karanta ta da wayar hannu.

Kada mai karatu ya ɗauka magana ta ƙare. Na'urar tana da nata cikas. Ƙanshin abincin kansa yana rufe na bakteriya, balle kilishi da ya sha yaji da tunkuza. Laimar damina da bushewar hunturu suna sāke amsarta. Ƙwayoyinta suna gajiya, sai an riƙa sabunta koyarwa. A faranti iri guda a ke shukawa, amma a kan naman kasuwa iri goma ne ke cuɗe. In kuma bakteriyar kaɗan ce, iskarta kaɗan ce, dole a jira awoyi ta ƙaru. Saboda haka har yanzu yawancin aikin yana ɗakunan bincike da manyan masana'antu, bai maye gurbin gwajin shuka ba. Amfaninta shi ne tankaɗe: ta ware abin tuhuma da wuri, a kai shi gwaji.

ZANCEN RUMBU DA SITO

Manomin gero da dawa da gyaɗa da wake zai ce, ina ruwansa da wannan? Da ruwansa, domin funfuna ma haka ta ke. Ita ba bakteriya ba ce, amma tana fid da iskarta tun ido bai gan ta ba, shi ne warin nan na ɗakin da ya daɗe a rufe. Wata irinta mai launin kore da rawaya tana zuba dafi cikin gyaɗa da masara, ana kiransa aflatoksin. An gano shi bayan da talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, don sun ci tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. A 2004 ya kama mutum 317 a Kenya ta hanyar masara, 125 suka mutu. Cinsa kaɗan kaɗan shekara da shekaru yana kawo ciwon dajin hanta. Suya ba ta kashe shi, yana shiga ƙuli-ƙuli, yana kuma bi ta nonon saniyar da ta ci ruɓaɓɓen abinci. Shi ne kuma ke sa a ƙi sayen gyaɗa a ƙasashen waje.

Dafin kansa ba shi da wari. Funfunar a ke ji. Saboda haka buhun da ya yi warin laima abin tuhuma ne, amma wanda bai yi ba, ba shaida ce ta lafiyarsa ba. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fito da wani magani mai suna Aflasafe, aka yi masa rajista a Nijeriya a 2014. Dawa ce da aka shafe da funfuna marar dafi, a kan watsa kilo 10 a hekta mako 2 ko 3 kafin amfani ya yi fure, don marar dafi ta riga mai dafi kama wuri. Mai son bayani sai ya tambayi malamin gona na KNARDA, ko ofishin cibiyar binciken adana amfanin gona, NSPRI, da ke Kano.

ABIN DA YA KAMATA A YI

1. In hanci ya ce a'a, a yarda da shi. In ya ce i, kada a dogara gare shi. A tambayi kai: yaushe aka dafa, ina ya kwana, wa ya taɓa?

2. Bakteriya sun fi haihuwa tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin zafi. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye yana hucewa. Ɗumame sai ya tafasa har tsakiya. Shinkafar da ta kwana a buɗe lokacin zafi, a haƙura da ita.

3. A tafasa madara kafin a kwantar da ita ta zama kindirmo. Tsami yana rage waɗansu bakteriya, amma ba ya tabbatar da kashe na tarin fuka da na ciwon da ke sa shanu ɓari.

4. Mai miki ko maruru a hannu kada ya cura fura, kada ya yanka nama. A wanke hannu da sabulu bayan an fito bayan gida, da bayan an kwashe taki.

5. Mahauci ya raba wuƙa da katakon ɗanyen nama da na gasasshe. Kwantan tsire sai ya koma wuta sosai, ba a ɗora masa ƙuli kawai ba.

6. Ƙasar Zakirai ƙasar taki ce, gona ba ta hutawa, albarkarta kuwa daga turke ta ke. Amma ɗanyen kashin shanu da na kaji gidan Ikolai da Salmonela ne. Mai lambun latas da karas da kabeji ya bar taki ya ruɓe tukuna. A Amurka ƙa'idar masu noma da takin gargajiya ita ce kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da cire abin da ke taɓa ƙasa.

7. A shanya gyaɗa da barkono da kuɓewa kan tabarma ko tamfol, ba a ƙasa ba, nesa da kaji da awaki. Kashin ƙadangare ma yana ɗauke da Salmonela.

8. Kada a zuba hatsi a rumbu ko buhu sai ya bushe ƙayau. Ga gwaji mai sauƙi: a sa hatsi da busasshen gishiri cikin busasshiyar kwalba, a toshe, a girgiza, a bar ta ɗan lokaci. In gishiri ya manne a jikin kwalba, da sauran shanya. A tsince gyaɗar da ta motse, ko ta huje, ko ta sāke launi, kada kuma a ba dabbobi.

9. Malamin sito ya ɗora buhuna kan katako, ya bar rata tsakaninsu da bango, ya rubuta ranar shigowar kowane kaya, ya fara fid da na fari. Da safe in ya buɗe ƙofa ya tsaya ya shaƙi iskar ɗakin kafin ta fita. In ya ji warin laima, ya nemi buhun a ranar.

10. In mutane da yawa sun kamu da amai da gudawa bayan cin abinci guda, a fara ba su ruwan gishiri da sukari, a kai su asibiti nan da nan. Sauran abincin kuwa kada a zubar, a rufe shi a nuna wa ma'aikatan lafiya, domin da shi za a gane tushen abin.

Wata rana mai yiwuwa ne a ga ɗan kasuwa yana kara 'yar takarda a bakin ƙwarya, launi ya gaya masa gaskiyar nono. Kafin ranar ta zo, wuta da sabulu da rana su ne makaman talaka, ba su kuwa da tsada. Ɗan kasuwar da abincinsa ya kwantar da mutane ya yi asarar abin da ya fi jari, watau amana. In kunne ya ji, jiki ya tsira.